Layin Toka a Ƙofar Gidan Inna

Tunda na dawo daga ƙasar Rogo ban huta da tambaya ba. A ofishin malamai, a gidan suna, har a bakin famfo, kowa sai ya tare ni: "Malama Hadiza, yaya kuka baro su? Me kuka gano?" Ni kuwa sai in ce lafiya ƙalau, suna gaishe ku, in yi gaba. Malama Rabi da muka tafi tare ta riga ta ba da nata labarin har ya gundure ni, kuma duk bayarwa sai rafin da muka tsallake ya ƙara faɗi da zurfi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta nawa. Akwai abin da ba zan iya buɗe baki in faɗa a gabanku ba, amma a rubuce ina jin zan daure.

Ga wanda bai san ni ba, ina koyarwa ne a wata firamare a Kwanyawa, nan ƙasar Ƙaraye, kuma ni ce mai fitar da 'yan ƙananan aji fili. Wasu iyayen gani suke ba ni da aikin yi sai tsalle-tsalle da yara. Ban cika musu da su ba. Na dai san abin da idona ya gani. Yaron da bai iya tsayawa da ƙafa ɗaya ba, hawa dandamalin aji ma wahala yake ba shi. Yarinyar da yatsunta suka saba da carabke, ranar da aka ba ta fensir ba ta damƙe shi kamar muciya. Gudu, tsalle, jifa, cafkewa, da iya riƙe jiki kada ya karkace, duk ba a allo ake koyonsu ba, sai an fita an gwada, an faɗi an tashi.

Da aka dawo daga dogon hutu, damina ta fara ja da baya, sai aka shirya malamai su ziyarci makarantun juna, kowa ya nuna wasannin da yake yi da yara, ya kuma ga na wasu. Hedimasta yana faɗin wuraren ana ta noƙewa saboda lalacewar hanya. Yana cewa Zoza da Falgore na ɗaga hannu tun bai rufe baki ba. Aka yi ta yaba min ƙwazo, ni kuwa na san ba ƙwazo ne ya ɗaga hannun ba.

'Yar farina tana Falgore. Bakwaini ce, an haife ta 'yar mitsitsiya, da aka yaye ta kuma uwar mijina, Inna, ta ɗauke ta kamar yadda aka saba. Inna ta riƙe ta hannu bibbiyu, har riƙon ya yi yawa. Ta yi ta goya ta har ƙafafunta suna reto, ba gudu, ba hawa, ba bin yara ko nan da can. Da aka sa ta makaranta, ran nan aka jera su tsere, ta faɗi ta fasa goshi. Inna ta je da kanta ta ɗauko ta, ta ce ita da boko har abada. A waya ƙanwar maigidan ta gaya masa, ina gefe ina hura wuta. Ya dube ni, na dubi tukunya. Shi ba zai iya tarar mahaifiyarsa da maganar 'yar farinsa ba, ni kuwa ko sunanta ba na kamawa, balle in je gaban suruka in ce ga abin da nake so a yi wa yarinyar. Ga shi an koma makaranta, 'yan ajinsu suna ta yin gaba, ita tana zaune a tsakar gida. Na san halin Inna, in zangon nan ya wuce a haka to an rufe maganar ke nan. Da wannan a raina na ɗaure kaya.

Kayan namu buhu guda ne: igiyoyin tsalle, ƙwallayen tsumma manya da ƙanana, gwangwanayen madara, tsakuwar carabke, sai usur ɗina a wuya. Akwai kuma wata tsohuwar tayar babur da Rabi ta nace sai mun tafi da ita, wai yaran can su ga yadda namu suke gara ta a tsakanin gwangwanaye. Da sassafe muka isa tashar Ƙaraye, muka tarar motar Rogo saura mutum ɗaya ta cika. Wannan mutum ɗayan ya kusa kashe ni. Na zauna, na tashi, na zaga motar, na dawo na zauna. Direba yana can gun mai shayi hankali kwance, ka ce ba shi zai tuƙa ba. Rabi ta sayi dafaffiyar gyaɗa tana ɓara, ta ce, "Hadiza, don Allah ki zauna wuri ɗaya. Kin sa ni ma ƙafata ta fara ƙaiƙayi." Ita kaɗai ta san abin da ke cina, kuma ba ta taɓa furta shi ba.

Da mota ta tashi, wani dattijo maƙeri da zai kai lauje kasuwar Rogo ya leƙa bakin buhunmu.

"Malamai, wannan kuma wace irin haja ce?"

"Kayan wasan yara ne, Baba," in ji Rabi. "Koya musu za mu je yi."

Ya riƙe haɓa. "Ikon Allah! Yanzu har wasa sai an ɗauko malami daga wani gari? Mu da bulala ake raba mu da shi."

Na ce, "Baba, ku kun hau mangwaro, kun bi jaki, kun yi langa har kun gaji. Na yanzu wani daga gida sai aji, daga aji sai ya je ya tsuguna bayan mai waya yana kallo."

Ya gyaɗa kai ya ce wallahi jikansa ma haka yake. Ran nan ya jefa masa lemo don ya cafke, sai da lemon ya bugi ƙirjinsa ya faɗi ƙasa, sannan yaron ya miƙo hannu. Duk motar aka yi dariya. Tawa dai ba ta kai ciki ba.

A kan iyakar Ƙaraye da Rogo akwai shingen 'yan sintiri, gungume a tsakiyar hanya da 'yar rumfar kara a gefe. Ana kukan satar dabbobi a lokacin, don haka suna duba kaya. Laujunan Baba duk da kaifinsu suka wuce lafiya. Mu ne babbansu ya zura hannu a buhu ya zaro igiyoyi, yana ja suna fitowa.

"Hajiya, igiya har haka? Awakin wa za a ɗaure?"

Raina ya ɓaci nan take. Na ce ya dube mu da kyau ya ga ko mun yi kama da masu jan akuya a daji. Ya ce shi bai san kamannin masu ja ba, shi ya sa yake tambaya. Zan ƙara wata Rabi ta taka min ƙafa, ta sauka, ta gyara ɗaurin zani, ta ɗaure mayafi a ƙugu. Wanda ya san Rabi ya san Allah ya yi mata jiki. Ta kama igiya ta hau tsalle a tsakiyar titi, ƙasa na amsawa, 'yan mota suna tafi. Shi ke nan abin ya burge mutumin, ya jingine gorarsa ya ce a ba shi ya gwada. Igiya ta harɗe shi, mutanensa suka ce su ma sai sun taɓa. Ni ina tsaye ina kallon rana tana hawa, kamar in yi kuka. Da ƙyar muka samu aka ɗage gungumen, shi ma sai da muka bar musu igiya ɗaya.

Mun shiga Rogo azahar ta gota. Muka yi salla a wani gida kusa da tasha, muka hau babura zuwa Zoza. Hanya duk laka, rake da masara dama da hagu sun fi mutum tsawo, ba abin da kake gani sai bayan mai babur. Maganar rafin nan kuwa, duk abin da Rabi za ta gaya muku, ruwan iya gwiwa ne. Samari suka cicciɓi baburan suka tsallakar, mu muka tattare zani muka shiga. A tsakiya takalmin Rabi ya maƙale a laka. Ta sunkuya za ta ciro shi, tayar da ta rataya a kafaɗa ta sulɓe, ruwa ya yi gaba da ita. Muka tsaya muna kallonta tana juyi har ta sha kwana. Rabi ta ce, "To, Allah ya sa ta faɗa hannun yaron kirki."

Hedimastan makarantar da muka je a Zoza, Malam Isiyaku, wani dogo ne mai son zance, shi ya sauke mu a gidansa, ɗakin maiɗakinsa. Mutanen nan sun iya karɓar baƙo, sai dai gaisuwarsu ba ta ƙarewa. Mu a Kwanyawa in an tambayi gida da aiki da ruwa, an gama. Su sai a tambayi hanya, a tambayi gajiya, a yi shiru, ka ɗauka an kammala ka kai hannu kwano, sai ka ji "sannunku dai", an ɗauko sabon zagaye. Faten tsaki aka kawo mana da rama da gyaɗa, kwano shaƙe. Mu fate abin marmari ne na rana, su kuwa da yake ƙofa da ƙofa suke da Zazzau, shi ne tuwonsu ranar da suka ga dama. Da safe kunu aka ba mu da mazarƙwaila a madadin sukari, Rabi ta sha ta nemi ƙari ba kunya. Ɗakin yana ɗan yoyo ta kusurwa, amma ba zan ɗora wa yoyo laifin rashin barcina ba. Falgore ce ta matso kusa, ni kuma har lokacin ban san abin da zan yi in na isa ba.

A makarantarsu na ga abin da ya tsaya min a rai. Mu da kara muke zana gidan 'yar gala-gala a ƙasa, in ƙasa ta jiƙe kuwa yara kaɗan za su taka zanen ya goge. Su kowane yaro da gwangwanin tokarsa yake zuwa daga murhun gidansu, a zuba layi fari tas, ana hango shi daga nesa. A kan layin nan suke sa ƙanana tafiya, diddige na taɓa yatsa, hannuwa a buɗe. Wanda ya iya sai a ɗora masa gwangwanin ruwa a ka, wanda ya wuce nan sai ya dawo da ƙafa ɗaya. Mu kuma muka nuna musu yadda muke yi da ƙwallon tsumma: a fara da babba, kusa da kusa, hannu biyu, sai a riƙa ja da baya ana rage girmanta. Akwai wata yarinya da duk aka jefo mata sai ta runtse ido ta kare fuska. Na zaunar da ita muka yi ta garawa juna a ƙasa, sannan na ce ta riƙa cillawa sama kaɗan tana tarewa da kanta. Kafin a tashi na jefa mata ta cafke, ta tsaya tana kallon hannunta kamar aro aka ba ta. Tsawonta zai yi daidai da na wadda ke raina. Na juya baya na yi kamar ina gyara bakin buhu.

Na so mu wuce tun da hantsi, amma Malam Isiyaku ya ce sai ya yi jawabin godiya. Da ya gama ya ce sai mun ga lambun kuɓewar makaranta. Da muka gani ya ce ai an riga an ɗora tukunya. Ina murmushi ina cewa madalla, idona kuwa yana kan hanya. Sai la'asar sakaliya muka shiga Falgore.

Gidan Inna a kan tudu yake a bakin gari, da wani fili mai yashi a ƙofarsa inda ake sussuka da kaka. Inna gajeriya ce mai kaifin ido, kuma ba ta iya ganin aiki a karkace ta yi shiru. In ka yi shara sai ta karɓi tsintsiya ta sake. Na durƙusa na gaishe ta, na isar da gaisuwar ɗanta. Yarinyar tana zaune jikinta. Ban kalle ta ba, wato ban kalle ta ido biyu ba. Da wutsiyar ido na ga ta yi tsawo, na kuma ga tabon a goshi.

"Ummi, ba ki gaida Antinki ba," in ji Inna.

"Anti, ina wuni."

"Lafiya," na ce, idona a kan tabarma.

Ta tashi za ta kawo mana ruwa. Na ga yadda ta dafa bango kafin ta tsallake dokin ƙofa, na ga yadda ta riƙo kwanon shan yana rawa, rabin ruwan a ƙasa. Tun ba ta ƙaraso ba Inna ta miƙe ta tare ta: "Ajiye, ajiye, kar ki faɗi. Kawo nan, koma ki zauna."

Rabi, da yake ita ba abin da ya ɗaure mata baki, ta ɗan gyara zama ta ce, "Inna, wannan 'yar taki aji nawa take?"

"Ajin gida."

"Ayya, Inna, ai makaranta..."

"Makarantar da aka maido min ita jini har wuya? Ke ba ki san yarinyar nan ba. Ranar da aka haife ta ba wanda ya ce za ta kwana. Ƙafarta ba ƙwari. Ta zauna inda nake ganinta."

Rabi take kallo, amma da ni take. Bakina cike yake da amsa. Ina so in ce ƙafar da ba a bari ta taka ba yaushe za ta yi ƙwari, in ce ina koya wa 'ya'yan mutane wannan abin kullum safiya. Abin da ya fito shi ne, "Haka ne, Inna." Na ji haushin kaina, na ji haushin kunyar, har Rabi da ba ta yi komai ba na ji haushinta. Inna ce kaɗai na kasa jin haushi, don na ga hannunta a kan gwiwar yarinyar, na san tsoro ne ke cinta ba wani abu ba.

Da asuba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka je makarantar garin muka tarar filinsu ya zama kududdufi, har da agwagi a ciki. Malamin ƙananan ajin da ya tarbe mu yana ta ba da haƙuri, ya ce ko mu yi a cikin aji, a ture bencina. Na ce wasan fili a ƙarƙashin kwano ai ba zai yi ba, amma na san wani wuri mai yashi a kan tudu da ruwa ba ya kwanciya. Rabi ta dube ni, na ɗauke kai. Allah ya gani, ban taɓa murna da ruwan sama irin na ranar ba.

Haka muka jero yara har ƙofar gidan Inna. Rabi ta shiga ta roƙo toka a murhunta, muka zuba layi dogo irin na Zoza, muka zana gidajen gala-gala, maza suka ware gefe da langa. Hayaniya ta fito da Inna. Ta ajiye kujerarta a bakin zaure, ta zaunar da yarinyar gefenta, ta naɗe gefen zanin yarinyar a yatsa. Ina busa usur, ina gyara wa wannan tsayuwa, ina jefa wa wancan ƙwallo, amma rabin hankalina yana bakin zauren nan. Yarinyar tana zaune inda aka ajiye ta. Yatsun ƙafarta ne kawai suke motsi a cikin yashi duk lokacin da wani ya yi tsalle.

Rana tana hawa, mai babur ɗin da zai ɗauke mu ya ce da azahar zai zo, wasannin da ke cikin buhu sun kusa ƙarewa, Inna ko gezau. Sai na tara 'yan matan na ce a yi gaɗa. Kun san yadda ake yi, a yi rabin da'ira, ɗaya ta juya baya ta saki jiki ta faɗo, sauran su tare ta su cilla. Da gangan na jera su nesa da juna, doguwa kusa da gajeriya, hannuwa sake-sake. Ban bari kowa ta faɗo ba, tafi kawai nake sa su, ina ɗaga murya ina cewa yawwa, haka ake yi. Na ji Inna ta yi tsaki. Na ƙara buɗa su.

"Ke Hadiza! Haka ake gaɗa a Kwanyawa?"

"Haka muke yi, Inna," na ce. Allah ya yafe min, mutanen Kwanyawa ma su yafe min.

"Ai sai ku karya 'yar mutane! Ku matsa, ku matsa!"

Ta miƙe ta shigo fili, tana jan wannan tana tura waccan, tana haɗa musu kafaɗa da kafaɗa, tana faɗa. Zanin da ke yatsarta kuwa ta sake shi ba ta sani ba.

Rabi tana tsaye a bakin layin toka. Ba ta kira kowa ba, cewa kawai ta yi, "Saura wa bai hau ba?" Ina juyowa na ga yarinyar a kan layi. Ta buɗe hannuwa kamar yadda ta ga ana yi, ta ɗora diddige gaban yatsa, jikinta yana rawa. Ta karkata, ta dawo. Ta sake karkata, ta dawo. Ni numfashi ma na manta da shi. Ta kai ƙarshe, yara suka yi mata tafi, kuma da ta tsaya a nan da shi ke nan. Amma ta ga sauran da ƙafa ɗaya suke dawowa, sai ita ma ta ɗage tata. Ta yi tsalle, ta ƙara, sai ji muka yi tim.

Fili ya yi tsit. Ta faɗi a kan gwiwa, fatar ta saluɓe, jini ya fara tsattsafowa ta cikin yashi. Ni ce mafi kusa da ita, in na miƙa hannu zan taɓa ta. Matan unguwa da suka fito kallo duk sun san ko ni wace ce a wurinta, idonsu a kaina. Jikina gaba ɗaya ya tafi gare ta, ƙafafuna suka ƙi. Na hango Inna ta taho da sauri, hannu a miƙe. Na san in ta ɗaga ta ta rungume, an gama, ba za ta sake taka filin nan ba. Uwa ba ta da bakin magana a wurin, amma malama tana da shi. Na yi irin muryar da nake yi wa kowane yaro a Kwanyawa.

"Ke mai jan ɗankwali, tashi. Layi na jiranki."

Ta ɗago ta dube ni, bakinta ya riga ya taɓe za ta yi kuka. Ta dubi Inna da ke tahowa. Sai ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta turo baya sama, ta miƙe. Ta ɗage ƙafar mai ciwon ta ƙarasa layin, a karkace, rabi a kan toka rabi a waje, hawaye na zuba. Tana kaiwa ta juya ta ce, "Inna, kin gan ni?"

Inna tana tsaye a inda yarinyar ta faɗi, hannunta a miƙe ba komai a ciki. Ta je ta kama wuyan hannunta ta shige da ita gida, ko kallona ba ta yi ba.

Yadda na ƙarasa wasan nan ban sani ba. Rabi ta ce wai na busa usur an tashi, na yi wa malamin sallama da kyau. Ni dai abin da ke kaina shi ne na ɓata komai. Na jawo yara har ƙofarta, na yi mata ƙarya, ga jini an sake fitarwa a kan idonta. Mai babur ya iso tun kafin lokacin da ya ce, ya tsaya a waje. Muka shiga gidan yin sallama.

Yarinyar tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, an ɗora tsumma a kan gwiwar. Inna tana sauke ruwan ɗumi daga murhu, ta barbaɗa gishiri. Na durƙusa na ce za mu koma. Ta daɗe tana juya ruwan da yatsa kafin ta yi magana, kuma da randa take maganar, ba da ni ba.

"Tunda nake da ita ba ta taɓa faɗuwa ta tashi da kanta ba. Ban taɓa bari ba." Ta tsame yatsa daga ruwan. "Ran Litinin ta koma. Amma ni zan kai ta, kuma in za a fitar da su fili ina gindin bishiya ina kallo."

"To, Inna," na ce.

"Gaɗar Kwanyawa kuwa, na taɓa zuwa biki garinku. Na ga yadda kuke yi."

Rabi ta toshe baki da mayafi. Ni na rasa inda zan sa fuskata. Inna ta ɗauko kwanon ruwan ta ajiye, ba a gabanta ba, a gabana.

"Idona ba ya ganin ƙananan abu yanzu, ga yashi ya shige ciwon. Rabi, taso ki raka ni maƙwabta, an yi haihuwa ban je barka ba. Gidan akwai surutu, za mu ɗan jima."

Suka fita, ta ja ƙyauren zaure ta rufe. Tsakar gida ta rage daga ni sai yarinyar. Na matsa, na ɗauki ƙafar na ɗora a cinyata. Rabon da in taɓa ta haka tun ranar yaye. Na jiƙa tsumma na fara cire yashin a hankali, tana jan numfashi ta haƙora amma ba ta janye ba.

"Anti," ta ce, "in na koma makaranta, ke ce za ki riƙa cewa in tashi?"

Na ce ta miƙo ƙafar sosai.

Yashin bai da yawa, nan da nan ya fita. Na ci gaba da wanke gwiwar har ruwan ya huce. A waje mai babur yana ta danna oda, na bar shi ya yi ta yi.